A sauke perf_event_paranoid saboda mutum ɗaya, ko a bar shi yadda yake?

Nura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu kula da sabobin Linux. Muna da saba guda da mutane da dama ke shiga, kowa da akawun ɗinsa, kuma a kanta shafinmu na intanet yake gudana. Ɗaya daga cikin masu rubuta mana manhaja yana son gano inda manhajarsa ke ɓata lokaci. Ya kunna `perf`, manhajar awo ta Linux, sai ya ga ɓangaren kanel, wato zuciyar Linux ɗin, ba ya fitowa sam, duk ma'aunan an maƙala musu `:u` a wutsiya. Ya ce in mayar da `kernel.perf_event_paranoid` zuwa -1, wai haka kowa ke yi. Yanzu a kan 2 yake. Ni dai a ganina awo ne kawai, ba wani abu zai canza ba. Akwai illa ne?

Kabiru: Wa'alaikumus salam. Kada ka taɓa. Wannan lambar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta kwamfutar ce gaba ɗaya. Ka sauke masa, ka sauke wa kowa ke nan, har da akawun ɗin da shafinku ke gudana a ƙarƙashinsa, wanda shi ne farkon inda ɗan kutse zai sauka.

Ummi: Don Allah kafin a yi nisa, a taimaka wa irinmu masu koyo. Me `perf` ɗin yake aunawa, kuma ta yaya awo zai zama haɗari?

Injiniya Bashir: Malama Ummi, a cikin furosesa akwai wasu 'yan ma'aunai da aka gina tun daga masana'anta. Suna ƙirga abubuwa irin su yawan umarnin da aka zartar, sau nawa aka nemi bayani a ma'ajiyar kusa ba a samu ba, sau nawa furosesa ta yi hasashen reshe ta kuskure. Manhaja ba ta isa ta saita su da kanta ba, sai ta roƙi kanel ta wata ƙofa mai suna `perf_event_open`. Wannan tsarin ya shigo Linux a 2009, cikin kanel 2.6.31.

Hanya biyu ake amfani da shi. Ta farko ƙirge ne kawai, a ƙarshe a ba ka jimilla. Ta biyu ita ce ɗaukar samfur: kanel ya riƙa katse furosesa, idan ba ka canza ba sau 4000 a daƙiƙa, yana rubuta adireshin umarnin da ya tarar ana kai. Idan ka nema, ya haɗa maka da jerin ayyukan da suka kira juna har aka iso wurin, da abin da ke cikin rajistocin furosesa, da yankin memori na manhajar da ke gudana a wannan lokacin. To tambayar ita ce, samfurin wa za a bar ka ka ɗauka? Lambar da Malam Nura ya ambata ita ke yanke wannan hukunci.

A 2, naka kawai, kuma ɓangaren da ke wajen kanel. A 1, an ƙara maka cikin kanel, amma a kan ayyukanka. A 0, an ba ka furosesar dungurungum, duk wanda ya hau kanta kana ganinsa. A -1 an cire kusan duk wani shinge, har ɗanyen bayanan wuraren bibiya na cikin kanel.

Nura: Yallabai, ke nan 1 ma ya ishe shi? Tunda manhajarsa kaɗai yake son gani.

Injiniya Bashir: Ga abin da ka bayyana, 1 ya ishe shi, -1 ɗin nan tsabar ganganci ne na kwafo umarni daga intanet. Amma ni ko 1 ɗin ba zan sa a sabar da jama'a ke shiga ba. Ka lura, da can asalin lambar 1 ce. A 2016, cikin kanel 4.6, aka ɗaga ta zuwa 2, facin Andy Lutomirski ne. Ba don a wahalar da kowa aka yi ba.

Dalili mafi kusa shi ne adireshi. Tun kanel 3.14 akwai KASLR a x86, wato duk lokacin da kwamfuta ta tashi, kanel yana zama a wani wuri dabam cikin memori, don wanda ya samu ɓaraka ya rasa inda zai nufa. Samfur ɗaya daga cikin kanel adireshi ne tsirara. Ka samu guda, ka san sigar kanel ɗin, ka yi ɗebewa, ka san inda komai yake. Akwai ma wani abu da mutane ba su cika sani ba: tun 4.15, idan saitin ɓoye adireshi na `kptr_restrict` yana kan 0, fayil ɗin `/proc/kallsyms`, mai jerin sunayen ayyukan kanel, yana duba wannan lambar ta perf ɗin ne kafin ya nuna adireshi. Gwada da akawun na gama-gari, `head /proc/kallsyms`. A kan 2 za ka ga sifili jere reras a gaban kowane suna. Sauke shi zuwa 1 ka sake, sai ka ga cikakkun adireshi masu farawa da ffffffff. Ko `perf` ɗin ba sai an girka ba.

Hauwa: Injiniya, da girmamawa, ban yarda da nauyin da kake ɗora wa KASLR ba. Ni aikina ke nan, gyara manhajoji masu nawa, kuma na gaji da masu tsaro da ke rufe mana ido sannan su dawo suna tambaya me ya sa saba take jan ƙafa.

KASLR ɗin nan tun yaushe aka karya shi? A 2016 masu bincike a jami'ar Graz ta Ostiriya sun nuna yadda umarnin prefetch kaɗai, tare da auna lokaci, ke tona inda kanel yake. Aka kawo KPTI, wato raba memorin kanel da na manhaja, bayan ɓarakar Meltdown a 2018, aka ce an toshe. A ƙarshen 2022 sai ga EntryBleed, ya nuna cewa ko da KPTI ana iya gano wurin a furosesocin Intel, ba tare da wani izini ba. Duk wanda ke da ƙwarewar rubuta makamin kutse na kanel ba zai tsaya jiran `perf` ba. Su kuma masu aikin halal, su ne ke shan wahala. Rabin matsalolin da nake gani a cikin kanel suke: jiran makulli, neman shafin memori da babu, kwafe-kwafen bayanai tsakanin hanyar sadarwa da manhaja. Ka ba ni hoton wajen kanel kaɗai, sai in ga manhajar tana zaune lafiya lau alhali kaso mai yawa na lokacin yana tafiya inda ba na gani.

Sannan me ke faruwa a zahiri idan aka hana? Mai kula da saba ya gaji da naci, ya ba mutum `sudo`, wato damar aiki a matsayin `root`, akawun ɗin da ke da ikon komai. Wanne ya fi muni?

Kabiru: `sudo` ga mutum ɗaya da ka sani, ko buɗe ƙofa ga duk wani abu mai numfashi a kan sabar? Ni na zaɓi na farko.

Hauwa: Malam Kabiru, mutum ɗayan nan da ka sani, kwamfutarsa ta hannu fa? Mabuɗin SSH ɗinsa, wanda yake shiga sabar da shi daga nesa, fa? Ranar da aka sace shi an samu `root` kai tsaye, babu buƙatar wata ɓaraka.

Injiniya Bashir: Malama Hauwa tana da gaskiya a kan cewa KASLR ba katanga ba ce mai ƙarfi, ban musa ba. Abin da nake cewa, hanyoyin da kika lissafa suna dogara da irin furosesa, wani lokaci su yi aiki wani lokaci su ƙi, kuma kowace ana binta da faci. Ita kuwa lambar nan, kyauta ce tabbatacciya a kowace na'ura. Amma mu ajiye wannan. Ko da na sallama miki 1, abin da aka nemi Malam Nura ya sa -1 ne, kuma daga 0 zuwa ƙasa ba maganar adireshi ake ba kuma.

Ɗauki zaɓin `--call-graph dwarf` na `perf` da ku masu awo kuke so. Da kowane samfur, kanel yana kwafo baiti 8192 daga tarin memorin aikin da ya katse, ana iya ɗaga shi zuwa kusan kilobait 64. Haɗa shi da `-a`, wato duk furosesoci. Yanzu wanda ba kowa ba a kan sabar yana tara gutsattsarin memorin `sshd`, da na rumbun bayanai, da na duk wanda ya buga `sudo` a wannan lokacin, sau dubbai a daƙiƙa. Me ke zama a irin wannan wurin? Kalmar sirrin da aka karanto yanzu, guntun mabuɗin ɓoye bayani, alamar shiga ta wani mai amfani da shafi. Ba wata dabara, ba wata ɓaraka. Kayan aiki ne yana yin abin da aka gina shi ya yi. Takardar tsaro ta perf da ke cikin kundin kanel ɗin kanta ta raba bayanan kashi-kashi, ta kuma ce abin da ke cikin rajista da memori yana iya ɗauke da sirrin manhaja.

Hauwa: A kan 0 da -1 ba ni da ja. Ban taɓa cewa a bar su a sabar jama'a ba. Rigimata a kan 1 take.

Ummi: To idan an hana ɗaukar memori, ƙirge kawai aka bari, shi ma akwai abin tsoro?

Malam Tukur: Akwai, 'yata. Ƙirge ma magana yake yi idan aka iya saurare. Tun 2001 wasu masu bincike uku, Song da Wagner da Tian, suka nuna cewa tazarar lokaci tsakanin danna harafi da harafi a SSH tana rage wa mai hasashen kalmar sirri aiki sosai. Sai a 2023 OpenSSH 9.5 ya fara ɓadda wannan tazarar da kansa. Wanda ke iya ganin lokacin da kowace katsewar allon rubutu ta shigo, ko lokacin da wani aiki ya farka, ya samu irin wannan bayanin daga cikin gida.

Misali mafi ban mamaki a wurina shi ne PLATYPUS, a watan Nuwamban 2020. Furosesocin Intel suna da ma'aunin wutar da suke sha, RAPL, kuma Linux ya bar kowa ya karanta shi a ƙarƙashin `/sys`. Wa zai ce awon wuta sirri ne? Masu bincike daga Graz da Birmingham da CISPA suka yi amfani da shi suka zaro mabuɗan AES da RSA, har daga cikin SGX, keɓaɓɓen wurin sirri na furosesar Intel da ake taƙama da shi, saboda wutar da umarni ke sha tana ɗan bambanta gwargwadon bayanin da yake sarrafawa. Maganin da aka yi shi ne mayar da fayil ɗin na `root` kaɗai. Ba ta ƙofar perf suka bi ba, amma darasin na nan ne.

Sai dai ni duk wannan ba shi ne babban abin da ke damuna ba. Kuna ta magana a kan abin da ƙofar ke bayarwa idan tana aiki daidai. Ni abin da na gani shi ne abin da take yi idan ta karye.

Kabiru: Baba zai kawo labarin semtex.

Malam Tukur: Zan kawo, domin da yawanku ba ku fara wannan aikin ba a lokacin. Watan Mayun 2013, ɓaraka mai lamba CVE-2013-2094. A cikin wani aiki mai suna `perf_swevent_init`, an karɓi lambar da mai amfani ya turo, wadda faɗinta bit 64 ne, aka zuba ta cikin `int` mai bit 32 wanda yana iya zama ƙasa da sifili. Sai aka duba ko ta wuce iyakar sama, ba a duba ƙasa ba. Ka turo lambar da za ta koma ƙasa da sifili, ta wuce bincike sumul, kanel ya yi amfani da ita a matsayin gurbi cikin wani jeri, ya je ya ƙara ɗaya a wurin da ba na jerin ba. Ƙara ɗaya kawai. Amma ka maimaita shi yadda kake so, a wurin da ka zaɓa.

Wanda ya saki makamin, fayil mai suna `semtex.c`, ya nufi teburin katsewa ne. Ya yi ta taɓa adireshin ɗaya daga cikin masu amsa katsewa har ya karkato zuwa memorin da shi maharin ke iko da shi, ya tayar da katsewar, kanel ya zartar da kod ɗinsa, sai ga `root`. Ɓarakar ta zauna tun 2.6.37 har 3.8.8, fiye da shekara biyu. Su ma masu RHEL 6 da CentOS 6 da ke kan 2.6.32 suna ganin sun tsira, ashe an kwaso musu kod ɗin baya tare da cutar. Gyaran kuwa layi ɗaya ne, aka canza `int` zuwa `u64`. Tommi Rantala ne ya gano ta da Trinity, manhajar nan ta Dave Jones mai jefa wa ƙofofin kanel shirme iri-iri har sai wani abu ya fashe.

Ga inda nake son ku kula. A lokacin an yi ta yaɗa cewa a sa lambar a 2 an tsira. Ba haka ba ne. Abin da 2 ke nema kawai shi ne mai roƙo ya ɗaga tutar da ke cewa ba ya son ɓangaren kanel. Maharin ya ɗaga tutar, ya shige, ya isa wurin ɓarakar. Ƙofar tana buɗe a 2, abin da ake miƙo maka ta cikinta ne aka rage.

Nura: Subhanallah. Ke nan ko a yadda nake yanzu ban tsira ba?

Malam Tukur: Daga waccan ka tsira, an daɗe da gyarawa, kuma furosesocin yanzu suna da SMEP da ke hana kanel zartar da kod daga memorin mai amfani. Amma 'yan'uwanta ba su daina zuwa ba. CVE-2022-1729 tsere ne tsakanin kira biyu na `perf_event_open`. CVE-2023-6931 rubutu ne da ya zarce iyaka wajen karanta rukunin ma'aunai. Ba sakacin marubutan ba ne, wurin ne mai wuya: yana aiki cikin katsewar da ba a iya dannewa, yana hulɗa da mai rabon lokaci, ma'aunai suna haɗuwa rukuni-rukuni, 'ya'yan aiki suna gadonsu, kuma kowane kamfanin furosesa da nasa direban. Vince Weaver na jami'ar Maine har manhajar gwaji ta musamman ya rubuta wa wannan ƙofar ita kaɗai, `perf_fuzzer`, kuma ta sha kayar da kanel.

Kabiru: Shi ya sa nake cewa 3. A rufe gaba ɗaya, wanda ba `root` ba ko ƙwanƙwasawa kada ya yi.

Hauwa: Ga shi nan. An fara da "kada a sauke", an ƙare da "a ƙwace wanda ke hannunsu ma".

Injiniya Bashir: Malam Kabiru, a yi hattara da 3 ɗin nan, domin ba kowane kanel ya san shi ba. Asalinsa daga grsecurity ne, wani tarin facin tsaro na kanel, Ben Hutchings ya ɗauko shi ya sa a kanel ɗin Debian, Android ma ta ɗauka a 2016, Ubuntu kuma tana zuwa da 4. An kai facin babban reshen Linux a 2016, Jeff Vander Stoep na Google ne ya tura, masu kula da perf, musamman Peter Zijlstra, suka ƙi karɓa. Hujjarsu kusan irin ta Malama Hauwa ce: kashe abu ɗungurungum ba tsari ba ne, kuma da zarar an samar da makunnin, kowa zai kashe, masu gyaran manhaja su rasa kayan aiki.

Sakamakon haka, a kanel ɗin da ba shi da facin, ka rubuta 3 ya karɓa ba musu, ka duba ka ga 3 a rubuce, amma aikinsa na 2 ne. Mutum ya kwanta da tunanin ya kulle, bai kulle komai ba. Gwajin mai sauƙi ne: shiga da akawun na gama-gari ka buga `perf stat -e cycles:u true`. Idan ya fito maka da lambobi, ƙofar a buɗe take, ko me fayil ɗin ya nuna.

Kabiru: Wannan ƙin karɓar har yau ban ga hikimarsa ba. Wayar da ke aljihun mutum, mai ita ba zai taɓa auna komai ba har ta mutu, don me kowace manhajar wasa za ta samu hanyar wannan kod ɗin? Su suna zaune a kan kwamfutocinsu na aiki suna yanke wa biliyoyin na'urori hukunci.

Hauwa: Kuma saboda sun ƙi ne aka samu abin da ya fi. Da sun karɓi 3, da an tsaya nan. A 5.5 aka sa ƙugiyoyin da SELinux, tsarin tsaro na Linux, zai iya cewa wannan aikin ya shiga, wancan kada ya shiga, aikin Joel Fernandes. A 5.8, cikin 2020, aka kawo `CAP_PERFMON`, aikin Alexey Budankov na Intel, don a daina ba mutum `CAP_SYS_ADMIN`, wanda kusan `root` ne, saboda awo kawai.

Kabiru: Shekara huɗu tsakani. A cikin shekarun nan wa ya kare mutane? Facin da aka ƙi.

Shugaban zaure: Jama'a a sassauta, mai tambaya yana jiran abin da zai yi.

Injiniya Bashir: To Malam Nura, ga abin da zan yi da ni ne. Bar lambar inda take. Ƙirƙiri rukuni, a ce `perf_users`, ka sa mutumin a ciki. Mayar da fayil ɗin `perf` na wannan rukunin, ka cire wa sauran jama'a izinin zartar da shi, sannan ka maƙala masa ikon da `setcap`: `cap_perfmon`, da `cap_syslog` don ya ga sunayen ayyukan kanel, da `cap_sys_ptrace` idan kanel ɗin bai kai 5.9 ba kuma zai leƙa ayyukan da ba nasa ba. Wannan ita ce hanyar da takardun kanel suka shimfiɗa. Maimakon a ciro ƙyauren gida saboda baƙo ɗaya, an yanka masa mabuɗi.

Abu biyu za su iya ba ka ciwon kai. A Ubuntu, `/usr/bin/perf` ɗan rubutun share fage ne kawai, ainihin fayil ɗin yana ƙarƙashin `/usr/lib/linux-tools/` cikin jakar sigar kanel, kuma `setcap` ba ya aiki a kan irin wannan rubutun. Na biyu, duk sabunta kunshin da ya maye gurbin fayil ɗin zai tafi da ikon, sai an sake. Idan kuma kanel ɗinka mai facin 3 ko 4 ne, gwada tukuna ka ga ko yana mutunta `cap_perfmon`, tunda facin ba na babban reshe ba ne.

Malam Tukur: In ƙara. Kada sunan ikon ya sa ka ɗauka ƙarami ne. Wanda ke riƙe da `cap_perfmon` yana iya yin duk abin da Injiniya ya bayyana ɗazu na kwashe memorin wasu. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka kafin ka sa mutum a rukunin ita ce, na yarda wannan ya ga sirrin kowa a kan sabar nan? Idan amsar a'a ce, a ba shi wata na'ura ta gwaji ya yi ta awonsa, can ko -1 ya sa ba ruwan kowa.

Nura: Na fahimta. Amma ga wata dabara da ta zo min: in sauke zuwa 1 da `sysctl -w` na minti goma, ya gama, in mayar. Tunda ban rubuta a `/etc/sysctl.d` ba, ai ba zai dawwama ba.

Injiniya Bashir: Lambar ce ba za ta dawwama ba. Wurin da kanel ya zauna ba ya canzawa sai an sake tayar da kwamfutar, don haka wanda ya karanta adireshi cikin minti goman nan yana da shi har wata shida idan sabar ba ta mutu ba. Kuma binciken izini ana yin sa ne lokacin buɗe ma'auni. Wanda ya buɗe ya riƙe, mayar da lambar ba ya ƙwace masa. Idan akwai wani abu da ya riga ya laɓe a sabar yana jira, duba fayil ɗaya lokaci-lokaci bai fi ƙarfinsa ba.

Hauwa: Wannan kam gaskiya ne. Kuma tunda an zo nan, bari in yi wa 'yan'uwana masu awo tuni a kan `perf.data`. Mutum ya yi awo da dwarf a sabar aiki, ya rasa gane sakamakon, sai ya ɗora fayil ɗin a dandalin tambaya ko ya tura wa wani kamfani. Duk gutsattsarin memorin nan suna ciki. Buga `strings perf.data` sau ɗaya ka ga abin da zai fito, daga ranar ba za ka sake turawa ba. Idan hoto ake so, a fitar da jadawalin harshen wuta irin wanda Brendan Gregg ya ƙirƙiro, a tura shi, sunayen ayyuka kaɗai ne a ciki.

Amma ina nan a kan bakana game da kwamfutar mutum ta kansa. Wadda kai kaɗai ke amfani da ita, kana da `sudo` dama, 1 ba laifi ba ne. Manhajar `rr` mai naɗar gudanar manhaja don a maimaita ta daɗe tana neman 1, domin da ma'aunin rassa na furosesa take gane inda take. Ba zan ce wa ɗalibi ya haƙura da ita saboda tsoro ba.

Kabiru: Burauzarki ma a kan kwamfutar take, da duk kunshin da kika sauko da shi jiya ba ki karanta ba.

Hauwa: Burauza tana cikin kejinta na seccomp, mai tace ƙofofin kanel da manhaja za ta iya bi, ɓangaren da ke buɗe shafuka ba ya isa wannan ƙofar. Kunshin da na sauko da shi kuwa, idan mugu ne, mabuɗaina da ke cikin jakata zai ɗauka ya tafi, ba ya buƙatar kanel.

Ummi: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Idan manhajar a cikin kwantena take, irin na Docker, ba sai a sauke lambar a cikin kwantenar kaɗai ba?

Injiniya Bashir: Ba ta rabuwa. Kwantena ba ta da kanel nata, na uwar na'urar take amfani da shi, kuma wannan lambar ba ta cikin waɗanda aka ware wa kowace kwantena tata. Guda ɗaya ce ga kowa. Abin da ke kare ki a Docker shi ne tacewar seccomp da yake zuwa da ita, wadda ke toshe `perf_event_open` sai an ba kwantenar ikon da ya dace. Shi ya sa idan `perf` ya ƙi aiki a ciki, sai ki ga an ce a sa `--privileged` ko a kashe seccomp, wanda ya fi sauke lambar muni nesa ba kusa ba. Ai daga wajen kwantenar ma ana iya auna abin da ke cikinta, tunda a wurin uwar na'ura aiki ne kamar kowane aiki.

Wannan dabarar ta tacewa tana yi wa wanda ba ya amfani da kwantena ma. Malam Nura, tunda shafinku ne ya fi fuskantar waje, buɗe fayil ɗin systemd na sabis ɗin ka ƙara `SystemCallFilter=~@debug`. Rukunin `@debug` ya ƙunshi `perf_event_open` da `ptrace`. Da wannan layin, ko kanel ɗinka bai san 3 ba, duk wanda ya shigo ta shafin ba zai taɓa ƙofar ba. Ka sake kunna sabis ɗin, ka duba `systemd-analyze security` da sunansa don ka tabbata tacewar ta hau.